Neman shawara: na fara koyon zane da girmana, hannuna ya tsaya, oga kuma dariya yake min

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema akan abu biyu da suka cakuɗe min waje ɗaya.

Ni matar aure ce shekaruna sun haura talatin, da yarana kuma ina aiki. Tun ina ƙarama nake son zane amma ban taɓa zama na koya ba, sai kwanakin baya nace bari dai in gwada, na nemi fensir da littafin zane na fara bin bidiyoyi a YouTube da daddare in yara sun kwanta. Gine-gine nake so da bishiyoyi da kayan ɗaki, irin su kofi, kujera, taga haka. Da farko wlh kullum sai inga canji har ina jin daɗin kaina, yanzu kuma abin ya tsaya cak. Kofin da zan zana yau shine na watan jiya, baki a karkace gindi a miƙe, gini kuwa in na gama sai kace yanzu zai rufto. Bidiyo kam na kalla ba adadi, in ina kallo sai inga ai na gane, ina ɗaukar fensir sai komai ya gudu.

Na biyu shine oga. Mutumin kirki ne ban ce ba, amma ranar da na nuna masa zanen da na fi shan wahala akai sai ya kwashe da dariya yace "wannan gidan ai sai mutum ya bar wasiyya kafin ya shiga". Shi a wajensa wasa ne, ni kuwa abin ya tsaya min a rai. Daga nan na daina nuna masa, in naji motsinsa sai in rufe littafin in tura ƙarƙashin filo, shi kuma yanzu ƙorafi yake wai na daina hira dashi dare yayi sai ni da takarda. Duk sanda naso in masa magana sai ta koma rigima, ni ince baka taɓa ƙarfafa min guiwa ba shi yace ke komai abin fushi ne, sai kowa ya juya baya ya kwanta.

Toh dan Allah ku faɗa min gsky, na makara ne, abin nan sai wanda aka haifa da baiwa? In ba haka bane ya zanyi hannun ya motsa? Sannan ya zan masa magana ya gane ba tare da mun yi faɗa ba?

Uwar Biyu:
Wa'alaikissalam. Ni dai tawa gajeriya ce, ki ajiye takardar nan ki rungumi mijinki, zane ba guduwa zai yi ba. Tunda har ya fara ƙorafi toh ki kiyayi abinda zai biyo baya.

Antin Guruf:
Haba Uwar Biyu, daga baiwar Allah tace tana son abu sai ace ta ajiye? In ta bari ma haushin dariyar nan yana nan a ranta, gobe ta wani wajen zai ɓullo. Ƙanwata karki ajiye komai tukunna, tsaya masu sani su zo.

Malamin Zane:
Hajiya sannu da ƙoƙari. Koyar da zane nake yi, manya da yara, kuma duk abinda kika lissafa kusan kowane ɗalibi sai ya bi ta nan, kiyi haƙuri da tsawon rubutu.

Kofi tukunna. Kin san bakin kofi da'ira ne kuma kin san gindinsa zaune yake daram akan tebur, toh hannunki abinda kika sani yake zanawa ba abinda idonki yake gani ba. In kina kallon kofi daga gefe kuma kin ɗan fi shi tsawo, bakin ba da'ira bane, siffar ƙwai ne a kwance, kuma gindin ma lanƙwasa yake, har ya fi bakin lanƙwasa saboda ya fi yin ƙasa da saitin idonki. Gwada yanzu, ɗau kofi ki ɗaga shi bakin yazo daidai idonki zakiga ya koma layi ɗaya miƙaƙƙe, ki dinga sauke shi a hankali zakiga yana buɗewa. In zaki zana ki fara jan layi mara nauyi a tsaye a tsakiya, ki zana bakin gaba ɗayansa da gindin gaba ɗayansa har ɓangaren da baya ganuwa tamkar kofin na gilas ne, daga baya ki goge na bayan. Kuma kar gefen bakin yayi tsini, a zagaye yake koyaushe komai siririnsa.

Gini kuma, kafin komai ki nemi inda saitin idonki yake a takardar ki ja layi a kwance. Duk layukan ginin da suke tafiya nesa dake, na saman idonki gangarowa suke na ƙasan idonki hawa suke, kuma in kika ci gaba da jansu a ɗigo ɗaya zasu haɗu akan wancan layin. In ta kusurwa kike kallon ginin ɗigon biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma sau da yawa suna can wajen takardar sai ki manna wata takardar a gefe ki sa musu alama. Layukan tsaye su kuma su tsaya a tsaye, yawanci su ne suke zamewa ginin yayi kamar zai faɗi, ki dinga gwada su da gefen takardar.

Zancen baiwa kuwa, wannan ƙa'idar ba wanda aka haifa da ita a kai. Wajen 1420 wani magini a birnin Florence na Italiya mai suna Brunelleschi ya nuna ta a aikace, sannan wani masani ɗan Italiya mai suna Alberti ya rubuta ta a 1435 yadda duk mai so zai koya. Abinda aka rubuta aka koyar ai ilimi ne, ke ba'a koya miki bane kawai.

Ga abinda nake sa ɗalibaina in sun maƙale. Ki samu hoton zane na layi zalla ki juya shi kai a ƙasa ki kwafa a haka, da yake ƙwaƙwalwa bata gane menene da sauri sai ta daina kawo miki abinda ta sani, zakiyi mamakin yadda zai fito. Sai kujera, kar ki zana kujerar, ki zana ramukan dake tsakanin ƙafafunta da sandunan bayanta, in ramukan sun yi daidai kujerar da kanta zata bayyana. Kuma ki koyi awo da fensir, miƙe hannu gaba ɗaya ki rufe ido ɗaya ki auna faɗin abu da babban yatsa akan fensirin sannan kiga sau nawa faɗin ya shiga tsawon, hannun dai kar ya lanƙwashe tsakanin awo da awo in ba haka ba lissafin ya rushe. Layi mai tsawo daga kafaɗa ake jansa ba daga wuyan hannu ba.

Mai Tambaya:
Malam wlh yanzu na ɗaga kofi na gani da idona, gindin nan ashe lanƙwasa yake duk tsawon lokacin nan. Allah ya ƙara ilimi ngd sosai.

Mai Keken Ɗinki:
Ni ba zane nake ba ɗinki na koya, shima da girmana, amma ciwon bidiyon nan na san shi. Mai bidiyon ya ƙware, hannunsa tafiya yake sumul ba gargada, ke kuma kina kwance kina kallo sai ƙwaƙwalwarki ta ɗauka ke ce kika iya alhali hannunki bai taɓa komai ba. Kuma akwai daɗi a kallon don ba'a faɗuwa a ciki, shi yasa mutum zai kalli goma a jere bai ja layi ko ɗaya ba. Ki zaɓi malami ɗaya ki bi darasinsa daga farko zuwa ƙarshe ki daina tsalle daga wannan zuwa wancan, kowanne da tsarinsa sai su rikita ki. In kin kalli minti biyar ki tsayar ki kife wayar kiyi abin da kanki har sai kin ga inda kike kuskurewa, sannan ki koma ki kalli wajen kaɗai.

Sai kuma ki dinga rubuta kwanan wata a ƙasan kowane zane kuma karki yaga ko ɗaya komai muninsa. Kince na yau shine na watan jiya, anya kuwa? Ki ɗauko su ki jera ki gani. Sau da yawa ido ne yake riga hannu girma, da baki ganin karkacewar yanzu kina gani, sai kiji kamar baya kika yi.

Ɗan Gaskiya:
Ba don in kashe miki guiwa ba amma masana sunce sai mutum yayi awa 10,000 kafin ya iya abu. Mai aure da yara da aiki ina zata samo wannan? Ayi lissafi dai.

Ɗalibar Ilimin Halayya:
Yaya Ɗan Gaskiya wannan maganar an daɗe ana juya ta ba yadda take ba. Asalinta binciken wani masanin halayya Anders Ericsson ne da abokan aikinsa a 1993 akan ɗaliban goge irin na Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin, suka ga waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kusan awa 10,000 na atisaye zuwa lokacin da suka cika shekara 20 da haihuwa, kuma matsakaici ne, wasu sun fi wasu basu kai ba. Wani ɗan jarida, Malcolm Gladwell, ya yaɗa lambar a 2008, shi Ericsson ɗin ma ya fito yace ba haka yake nufi ba. Kuma maganar masu son zama zakarun duniya ake, Anti kofi take so ya zauna daidai. Abinda binciken ya fi nanatawa shine irin atisayen, wato ka ware abu ɗaya da baka iya ba ka maimaita shi da hankalinka a wajen kuma ka samu mai nuna maka kuskure nan take. Wanda yake maimaita abinda ya riga ya iya ko shekara nawa yayi yana nan inda yake.

Zancen makara kuma Anti ki kwantar da hankali. A Landan direban tasi sai ya haddace tituna kusan 25,000 kafin a bashi lasisi, abin yana cin shekara uku zuwa huɗu, kuma manya ne ba yara ba. Wata mai bincike, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu a 2000 ta ga ɓangaren dake riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma ta baya, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin nashi ya fi. A Jamus kuma a 2004 an koya wa manya wasan jefa ƙwallo uku sama ana cafewa, cikin wata uku aka ga canji a hoton ƙwaƙwalwarsu, da suka daina na wasu wata ukun sai canjin ya ragu. An maimaita da 'yan wajen shekara 60 a 2008 suma aka ga canji. Toh ke da kike talatin da 'yan kai fa.

Shawarata kar ki tara shi rana ɗaya. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar hutu, tun 1885 wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna abinda aka rarraba koyonsa ya fi zama. Kuma barci yana cikin koyon, akwai gwajin da aka yi a 2002 na danna maɓallai da yatsu, waɗanda suka yi barcin dare saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 ba tare da sun ƙara atisaye ba, don haka raba dare akan takarda ba riba bane. In kin tsallake rana ɗaya ma ba komai, binciken Phillippa Lally a Landan a 2009 ya nuna sabon abu yana ɗaukar kwana 66 a matsakaici kafin ya zama jiki, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana guda bai ɓata musu komai ba.

Ɗan Gaskiya:
Toh na karɓi gyara, amma dai ayi lissafin lokacin miji shima.

Mai Son Tarihi:
In ƙara akan na ɗaliba. Van Gogh ɗan ƙasar Holan sai da ya kai shekara 27 ya yanke shawarar zama mai zane, a 1880, kuma ya rasu a 1890, cikin shekara goman nan ya bar ayyuka sama da 2,000. Abinda zai baki dariya shima saitin layukan nan ya bashi wahala har ya sa aka haɗa masa firam na katako mai zare a giciye yana leƙa waje ta ciki yana aunawa. Akwai kuma wata tsohuwa a Amurka da ake kira Grandma Moses, saƙar ado take yi da allura ciwon gaɓoɓi ya hana ta, ta koma fenti tana dab da shekara 80, ta rayu har 101 kuma zanenta ya shiga manyan gidajen adana zane. Gemu baya hana ilimi.

Magidanci:
Hajiya bari in yi magana a matsayin namiji, matan guruf a min afuwa. Ni ban ga alamar mijinki yana ƙin zanen ba, ko kalma ɗaya baki ce ya hana ki ba. Abinda na gani mutum ne da ya saba in yara sun kwanta lokacinsa ne, shine ɗan lokacin da ku biyu kuke dashi a duk yinin, sai gashi an bawa takarda. Kuma ki duba ta wajensa, yana shigowa kina rufe littafi kina turawa ƙarƙashin filo, shi bai san dariyarsa ce ta jawo ba, ƙila ma ya manta yayi ta, abinda yake gani kawai matarsa tana ɓoye masa abu kuma ta daina kula shi. Mu maza da yawanmu in aka nuna mana abinda bamu san kansa ba sai mu fake da zolaya don bamu san me zamu ce ba, haka muke yi da abokai kuma ba mai jin haushi. Ban ce daidai bane, amma ba lallai raini bane.

Ki raba lokacin kowa ya san nashi. Ki ce masa daga ƙarfe kaza zuwa kaza zan yi zane, bayan nan ni taka ce, kuma in lokacin yayi ki rufe littafin da gaske ko kina tsakiyar zana taga. Namiji in ya san rabonsa yana nan ba zai yi kishi da fensir ba.

Antin Guruf:
Magidanci kayi magana amma kullum sai ace mace ta fahimci namiji, shi yaushe zai koyi cewa mutum in ya kawo maka abinda ya sha wahala akai ba'a fara masa da dariya? Shima fa da sauran karatu a gabansa.

Magidanci:
Anti ban musa ba, amma ita ce a guruf ɗin ba shi ba. Da shi ya turo tambaya da yaji nashi.

Mai Sulhu:
'Yar uwa aikina zama da ma'aurata ne, kuma abinda nake so ki fara riƙewa shine iya magana a lokacin ɓacin rai shima koyonsa ake, ba wanda ya faɗo dashi, kuma farkon gwaji baya fitowa da kyau.

Dubi jimlar da kike buɗewa da ita, "baka taɓa ƙarfafa min guiwa ba". Da ya ji "baka taɓa" ya daina sauraro ya shiga laluben ranar da ya taɓa, daga nan kun bar maganar zane kun koma shari'ar halinsa. Wani masanin zaman aure, John Gottman na Jami'ar Washington a Amurka, yayi shekaru da dama yana ɗaukar hirar ma'aurata a bidiyo yana bin rayuwarsu, ya ware abu huɗu masu rusa zama: sukar hali maimakon faɗin abinda ya faru, raini, kare kai, da yin gum a ƙi magana. Raini ne mafi muni a cikinsu. Ku a daren rigimarku uku suna bayyana, ke suka shi kare kai da mayar da suka sannan ku duka ku juya baya. Ya kuma gano mintuna ukun farko na magana suna nuna inda zata ƙare, wadda aka fara da zafi da wuya ta sauka lafiya.

Toh ki canza mafarin. Ba da daddare kuna gajiye ba, ba kuma lokacin da yake cikin ƙorafin ba, ki nemi sanda kuke cikin raha. Ki ambaci rana ɗaya da abu ɗaya, ki faɗi yadda kika ji, ki faɗi abinda kike so. Misali, "Abban yara, ka tuna ranar da na nuna maka zanen gida kace sai an bar wasiyya? Nasan wasa kake amma wlh naji kunya sosai don na daɗe akansa, shi yasa kaga ina ɓoye littafin. Ina so in dinga nuna maka, in na nuna ka fara faɗa min abu ɗaya da yayi kyau kafin ka tsokane ni." Kin ga ba'a ce masa mugu ba, kuma an bashi aikin da zai iya yi.

Sai ɓangaren da ya fi wuya, in ya fara nashi ƙorafin kiyi shiru har ya kai aya, kar kina sauraro kina haɗa amsa a zuci. In ya gama ki maimaita masa abinda kika ji da bakinki, "wato kana ganin tunda na fara zanen nan na rage zama da kai", ki tambaye shi haka ne? Maimaitawa ba yarda bace, nuna masa ne maganarsa ta iso. In kuma kika ji ƙirjinki na bugawa murya ta fara hawa kice a ɗan dakata, ki bada aƙalla minti 20 jiki ya sauka, amma ki faɗi sanda zaku dawo kanta don kar ya zama gaba.

Akwai abinda na lura dashi a labarinki. Ranar da kika miƙa masa zanen ba maki kike nema ba, so kike ya leƙo duniyarki, shi kuma bai amsa da kyau ba. Yanzu da yake cewa kin daina hira dashi shima abinda yake yi kenan, nemanki yake ta hanyar mita. A binciken Gottman akan sababbin ma'aurata, waɗanda aka tarar suna tare bayan shekara shida sun kasance suna amsa irin wannan ƙananan kiran kusan kashi 86 cikin 100, waɗanda suka rabu kuwa kusan kashi 33. Don haka in ya sake mitar kiji ta a matsayin kira, ko da baki ji daɗin lafazin ba.

Mai Tambaya:
Allah ya saka da alheri, na kwafe jimlar nan na ajiye. Amma tsorona ɗaya, in na faɗa masa haka ya sake mayar da abin wasa fa? Don halinsa ne ko maganar kirki ake sai ya sako barkwanci, ni kuma nan take hawaye suke zuwa min sai in kasa ƙarasawa.

Mai Sulhu:
Zai iya yi, musamman karon farko, don wanda ya saba fakewa da wasa in yaji nauyi can yake gudu. Kar ki tashi kuma kar ki biye, ki bari dariyar ta wuce kice "naji, amma da gaske nake, ka bani minti biyu". Hawaye kuma ba laifi bane, in sun zo kice masa bari in nutsu in ƙarasa. In baki zai gagara ki rubuta masa a takarda ko saƙo ki bashi ya karanta kina wajen. Amma in kin faɗa a nutse sau da dama ya gane sarai yana miki ciwo kuma ya ci gaba, ko yana yi a gaban mutane, toh wannan ya tashi daga zolaya, sai a nemi wanda kuke ganin girmansa ku biyu ya zauna daku.

Mai Keken Ɗinki:
Kuma dan Allah ki daina sa shi alƙalin zanenki, mutumin da bai taɓa riƙe fensir don zane ba me zai gyara miki? Gyara wajen irinsu Malam ake nema ko 'yan uwanki masu koyo, shi nashi yace sannu da ƙoƙari. In ma kina da ƙarfin hali wata rana ki miƙa masa takarda da fensir ki ajiye kofi a gabanku kice kowa ya zana, ki ga nashi gindin ko zai lanƙwasa.

Uwar Biyu:
Toh ni dai har yanzu ina kan bakata ta wani ɓangaren, in an raba lokacin a cika alƙawari, kar ace minti ashirin a wayi gari ana awa biyu.

Sabon Shiga:
Afuwan na shigo cikin zancen wata, Malamin Zane dan Allah nima yanzu zan fara, wane fensir zan nema? Naga wasu an rubuta musu H a jiki wasu kuma B na rasa gane kansu.

Malamin Zane:
Masu H tauri ne dasu layinsu fari-fari, masu B laushi ne dasu layinsu baƙi, kuma duk sanda lambar ta ƙaru abin yana ƙaruwa, 6B ya fi 2B baƙi da laushi, 4H ya fi 2H tauri. HB yana tsakiya. Karka tara kaya, HB don shata layin farko, 2B don yawancin aikin, 6B don wajen da inuwa tayi duhu sosai, sai magogi mai laushi da takarda mara sheƙi wadda ba zaka ji ciwon ɓata ta ba. In zaka sa inuwa ka ɗan runtse ido ka kalli abin, ƙananan bayanai zasu ɓace sai haske da duhu kaɗai su rage, ka fara da waɗannan manyan. Kuma ka sa wata takardar ƙarƙashin hannunka don B yana shafewa ya ɓata aikin. Hajiya mai tambaya kema in kin yi kofi biyar ki turo ta hannun admin in duba miki.